Ɗamarar Kaboyi Da Kubenta: Sana'ar Dukawan Yammacin Amurka

Duk wanda ya taso a biranen Arewa zamanin da gidajen silima ke tashe, ya san kaboyi tun kafin ya san inda Amurka take a taswira. Malafa mai faɗi, doki, da ɗamarar fata da ta zazzago gefen cinya, libarba na leƙowa daga kubenta. Yara sun haddace sunayen 'yan wasan, sun kwaikwayi tafiyarsu da yadda suke zaro bindiga, amma ban taɓa jin wanda ya tambayi wane baduku ne ya ɗinka ɗamarar ba. Wannan tambaya nake so mu bi yau, domin bayan harbe-harben fim akwai sana'ar hannu mai dogon tarihi wadda har yanzu ake cin abinci da ita, kuma tana da abin faɗa wa al'ummar da ta yi suna da jima da dukanci irin tamu.

Sana'ar ta girmi kaboyin kansa. Sifaniyawa ne suka kai shanu da dawaki Meziko a ƙarni na 16, suka kuma tafi da masu ɗinkin sirdi da salon adon fata da suka gada daga Andalus. Kalmar da suke kiran fatar ado mai zane da ita, wato guadamecí, daga sunan Gadamas aka samo ta, garin nan na hamadar Libiya da fatakensa suka daɗe suna zaman ciniki a Kano. Makiyayan Meziko su suka koya wa mutanen Tekzas da Kalifoniya kiwo a kan doki, da sirdin da ya dace da shi, da zanen fure a jikin fata. Bayan Yaƙin Basasar Amurka ya ƙare a 1865, aka shiga koro garkunan shanu daga Tekzas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, irin su Abilene da ta buɗe kasuwarta a 1867. Wannan zamani bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Kaboyi ɗan ƙwadago ne mai karɓar dala 25 zuwa 40 a wata, kuma da yawansu baƙar fata ne ko 'yan Meziko, abin da fina-finai suka daɗe suna ɓoyewa.

Kuben bindiga ya bi sauye-sauyen bindigar da rayuwar mai ita. A shekarun 1850, lokacin rububin zinariya a Kalifoniya, masu sirdi na San Francisco sun fito da siririn kube mai bin siffar libarba, wanda ke haɗiye ta kusan har ƙota. A lokacin, da garin albarushi da dalma ake ɗura bindiga, saboda haka siririyar ɗamara ta wadatar. Da harsashi mai kwanson tagulla ya yaɗu, musamman bayan kamfanin Colt ya fitar da shahararriyar libarbarsa ta 1873, sai aka bukaci ɗamara mai faɗi da za a jera harsasai a jikinta. Tsohon kube ba ya shiga irin wannan ɗamara. Daga nan salon da ake dangantawa da Meziko ya samu karɓuwa: ana yanka kube da bayansa daga fata guda, a naɗe bayan ya sauko, a tsaga shi biyu ko uku, a zura kuben ta cikin tsagar. Naɗin ya bar ƙofa mai faɗi da ɗamara za ta wuce da harsasanta. Wasu ɗamarun ma ninki biyu ake yi musu, cikinsu ya zama aljihun ɓoye tsabar kuɗi.

Masu wannan aiki ba su ɗauki kansu masu yin kayan faɗa ba. Masu sirdi ne, kube kuwa ƙaramin aiki ne da ake fitarwa daga ragowar ƙirgi. F. A. Meanea na Cheyenne a jihar Wyoming, da H. H. Heiser na Denver, da S. D. Myres na El Paso, duk da sirdi aka fara saninsu. Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu na da hatimin ƙarfe mai ɗauke da sunansa da na garinsa, yana buga shi a jikin duk abin da ya fita daga shagonsa. Zan dawo kan wannan hatimi.

Aikin kansa yana farawa ne daga zaɓen fata. Ba a yin kuben kirki sai da ƙirgin sa da aka jeme da ɓawon itatuwa, jimar da ke cin makonni, 'yar'uwar wadda majemanmu ke yi da bagaruwa. Fatar da aka jeme da sinadarin kurom tana gamuwa cikin kwana guda, tana da laushi, ta dace da takalmi da jaka, amma ba ta riƙe zane, ba ta riƙe siffa, kuma dukawan can na gudunta saboda tana ɓata ƙarfen da ya daɗe a cikinta. Da oza suke auna kaurin fata: oza ɗaya ita ce kashi ɗaya cikin 64 na inci. Kube na son oza 8 zuwa 10, wato milimita uku zuwa huɗu. Ɗamara kuwa daga gadon bayan sa ake yanko ta, inda fata ta fi tauri. Wanda ya yanko ta daga ciki, wata kaɗan za ta miƙe ta saki.

Kafin wuƙa ta taɓa fata, sai an gama aikin a takarda. Baduku zai naɗe takarda mai kauri biyu, ya kwantar da bindigar da babu harsashi a cikinta a kan naɗin, ya zana gefenta, ya bar sarari domin kaurin ƙarfe da wurin ɗinki. A nan ne ake tantance ko mai kayan bahago ne, domin in aka kifa takardar ta ɗaya fuskar, kuben dama ya zama na hagu, fata kuma ta tafi a banza.

Sai zane, kuma a nan ne karin maganar nan ta tun ran gini ran zane ta fi dacewa. Ana jiƙa fatar a bar ta ta sha, har launinta ya fara komawa yadda yake amma tana da sanyi in an taɓa. In ruwa ya yi yawa, zanen ya cushe. In ta bushe, wuƙa ta ƙi tafiya. Akwai wata 'yar wuƙa mai juyawa da ake ɗora ɗan yatsa a kanta, da ita ake yanka layukan fure da ganye zuwa kusan sulusin kaurin fatar ko rabinsa. Daga nan a ɗauko ƙananan ƙarafa masu kai iri-iri, ana bugunsu da guduma a kan dutse mai santsi, ana danne gefen kowane layi har furen ya taso kamar a tsinke shi. Wanda ba ya son fure sai a buga masa zanen saƙar kwando, wanda ƙarfe ɗaya ake maimaitawa ɗaruruwan sau, kuma bugu ɗaya in ya karkace, duk layin da ya biyo baya zai tona asirinsa. Bayan zane sai rini da shafa mai kaɗan, domin mai in ya yi yawa kube ya yi laƙwas.

Ɗinki shi ne inda ake gane gwani. Ana fara jan siririn kwari a gefen fata domin zare ya kwanta ciki, kada gogayya ta cinye shi. A sa alamar ramuka, shida zuwa takwas a kowane inci, a huda da basilla ɗaya bayan ɗaya. Zare guda ne da aka shafe da kakin zuma, allura a kowane bakinsa, kuma duka alluran biyu na ratsa kowane rami, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu. Amfanin wannan shi ne, in zare ya tsinke a wuri ɗaya, ɗan'uwansa na riƙe da ɗinkin. Ɗinkin keke kuwa in ya tsinke, warwarewa yake yi. Mutumin da ke kwana da kwanaki a kan doki, nesa da kowane gari, ya san bambancin. Meanea ya yi suna da ɗinka wani ɗan toshi a ƙasan kube, wanda ke hana laka da ƙanƙara shiga bakin bindiga, ya kuma hana kuben lotsewa.

Da an gama ɗinki sai a sake jiƙa kuben, a naɗe bindigar ko gunkinta da leda, a cusa, a bi da yatsu da guntun ƙashi mai santsi ana danna fata har ta ɗauki siffar ƙarfen. A inuwa ake shanya shi, a hankali. Wanda ya yi gaggawa ya kai shi bakin wuta, fatar za ta ƙone ta tsage. A ƙarshe a fere gefuna, a goge da sanfefa, a murza da itace da kaki har su yi sheƙi kamar fata ɗaya ce.

Ɗamara da kuben wuƙa kowanne na da nasa sirrin. Ba da awon wando ake yanka ɗamara ba, domin a kan ƙugu take zama, bisa tufafi, saboda haka sai an ƙara mata inci da dama. Gidajen harsashi da siririyar fata ake yin su, ana naɗa ta a jikin harsashi na gaske ɗaya bayan ɗaya, don kada su yi sako-sako ko su matse. Masu kaya sun san ba a barin harsashin tagulla ya daɗe a ciki, domin wata koriyar tsatsa na fitowa inda tagulla ta haɗu da fata. Kuben wuƙa kuwa, ko ta farauta ce ko babbar wuƙar nan mai sunan Jim Bowie wadda maƙeran Sheffield ta Ingila suka yi ta ƙerawa suna aikawa Amurka, ba ya yiwuwa sai an sa wata tsiriyar fata tsakanin fuskokinsa biyu, a ɗinke su uku tare. Kaifin wuƙa a kan wannan tsiriya yake sauka. In babu ita, wuƙa ta yanke zaren, wata rana ta fito ta sami cinyar mai ita.

Wanda ya san wannan aiki zai gane cewa ɗamarar da muka gani a silima ba ta kaboyin tarihi ba ce. Na gaskiya a sama yake ɗaura kubensa, bindiga ta nutse ciki, domin damuwarsa kada ta faɗi yana sukuwa. Harsashi biyar yake sa wa libarba mai cin shida, ya bar gurbin da ke saitin bugu fanko don gudun tashin bindiga da kanta. Garuruwa irin su Dodge City da Tombstone sun hana yawo da makami a cikin gari, kuma yunƙurin aiwatar da wannan doka na cikin abin da ya haddasa arangamar Tombstone ta 26 ga Oktoba, 1881, wadda ba ta wuce daƙiƙa talatin ba. Katafariyar gonar shanu ta XIT a Tekzas ma ta haramta wa ma'aikatanta ɗaukar libarba. Ɗamarar da ke zazzagowa cinya, mai kube rataye ta wata tsaga, a ƙarni na 20 ta yaɗu, Holiwud ce kuma ta tallata ta. A shekarun 1950 wani mai suna Arvo Ojala ya riƙa sa farantin ƙarfe tsakanin fata biyu, domin kube ya tsaya a buɗe, ɗan wasa ya zaro bindiga kamar walƙiya. A ƙasar da bindiga ta raba dubban mutane da ƙauyukansu kamar tamu, yana da kyau a san cewa mutanen da suka rayu a wancan zamani ƙoƙarin raba ta da kasuwa da mashaya suka yi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda sana'ar ta rayu bayan mota ta kori doki. Dalili na farko shi ne hatimin nan: saboda shi, kuben da aka ɗinka shekara ɗari da hamsin da suka wuce ana iya cewa ga wanda ya yi shi, ga garinsu, masu tara kayan tarihi su saye shi da tsada, matasa su kwaikwayi salonsa. Na biyu, an rubuta ilimin. Al Stohlman ya shafe rayuwarsa yana zana littattafan koyarwa, ciki har da na ɗinkin fata da hannu da ya fito a 1977, yana nuna yadda ake riƙe basilla da inda allura ke bi. Richard Rattenbury ya tattara tarihin kube da ɗamara a littafinsa na 1993. Na uku, an adana kayan a gidajen tarihi, kamar na kaboyi da ke Oklahoma City da wanda iyalan Don King suka kafa a Sheridan. Na huɗu, an samar da kasuwa: masu wasan harbi cikin shigar da, da masu shirya fim, da mafarauta. Masana'antar jima ta Hermann Oak da ke St. Louis tun 1881 take jima da ɓawon itace, kuma har yau tana da masu saye.

Mu kuwa fatar jar akuyar Sakkwato ta ratsa Sahara ƙarni bayan ƙarni, Turawa suka sa mata sunan Maroko saboda ta can ta iso musu. Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda takalma da jemammun fatun birnin ke kaiwa har Arewacin Afirka. Kuben takobin da ake ratayawa ranar hawan Sallah, da jan karan dafi da baƙin kuloko da ke jikinsa, bai gaza na Cheyenne a fasaha ba. Sai dai ka ɗauki tsohon kube ko jaka a Kasuwar Kurmi ka juya shi gaba da baya, da wuya ka ga sunan wanda ya yi. Fatunmu mafi kyau na tafiya Italiya da Sifaniya su dawo da sunan wasu, ƙirgin shanu kuma da yawansa tukunya ke jiransa a matsayin ganda.

Gyaran farko ba ya bukatar kasafin gwamnati. Maƙeri zai iya ƙera wa baduku hatimi mai sunansa da unguwarsu a yini guda. Na biyu yana wuyanmu mu malaman jami'a da cibiyar binciken fata da ke Samarun Zariya: mu zauna da dattawan Dukawa da Majema da ke raye, mu rubuta aikin da Hausa daki-daki, da zane da hoto, da sunan kowane ƙarfe da kowane irin ɗinki, mu sa sunan kowane malami a kan abin da ya koyar. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri a sashen Hausa ko na fasahar zane, ga shi nan a Ƙofar Wambai yana jiransa.