Feshin da ke ruɗa shinkafa

A fadamun shinkafa, daga Kura har Argungu, wata ɗabi'a ta zama ruwan dare. Manomi zai sayo maganin ciyawa na 2,4-D, ya auna da murfin kwalba, ya ga kamar bai isa ba, ya ƙara murfi biyu wai don ya ci sosai. Bai karanta takardar jikin kwalbar ba, bai ƙirga kwanakin shukarsa ba. Kwana kaɗan sai ganye ya nannaɗe kamar na albasa, saiwa ta takure, shi kuma ya hau zagin mai shago cewa jabu aka sayar masa.

Sau da yawa maganin lafiyarsa lau. Ganganci ne kawai.

Shinkafa tana haɗa wasu sinadarai a jikinta, su ne ke ba ta umarnin ta yi saiwa, ta yi 'ya'ya, ta yi tsawo ko ta dakata. Ɗan mitsitsi ya ishe ta. Ɗaya daga cikinsu shi ne oksin, kuma 2,4-D, wanda ya shigo kasuwa a shekarun 1940, kwaikwayonsa ne. Ciyawa mai faɗin ganye idan ta sha shi sai umarnin ya yi mata yawa, ta kama girma barkatai, ta murɗe, ta mutu. Shinkafa na jurewa, amma jurewar tana da iyaka, tana kuma da lokaci. Idan aka fesa tana jaririya, saiwa ce ke shan wahala. Idan aka bari sai ta fara ɗaukar ciki, kan ne zai fito a karkace ko ya maƙale, ƙwaya ta ragu. Wannan asarar ba a ganinta sai ranar casa.

Haka ma masu murna don shinkafarsu ta zarce ta maƙwabci tsawo, su sani ba kullum tsawon ke zama alheri ba. A 1926 wani masani ɗan Japan, Eiichi Kurosawa, ya gano cewa wani sinadari da wata cuta ke fitarwa ne ke sa shinkafa ta yi zanƙalƙal ta faɗi ba amfani, kuma daga nan aka san sinadarin jibaralin, mai ba ta umarnin yin tsawo. Irin IR8 da aka fitar a Filifin a 1966 gajere ne saboda jibaralin ɗinsa kaɗan ne, shi ya sa yake ɗaukar taki da nauyin kai ba tare da ya kwanta ba.

Gyaran ba wuya. A auna da ma'aunin da takarda ta faɗa, murfin kwalba ba ma'auni ba ne. Wanda bai iya karatu ba ya kai wa malamin gona ko ɗansa ɗan makaranta. A yi feshi lokacin da shinkafa ke yin 'ya'ya, kafin ta ɗauki ciki. Ranar iska a haƙura, domin ɗan abin da ya tashi ya isa ya murɗe tumatir, kuɓewa ko audugar maƙwabci.

Sai famfon feshi, wanda nan ne sakacin ya fi ban takaici. Mutum zai gama fesa 2,4-D, ya ɗauraye sau ɗaya, gobe ya zuba maganin ƙwari ya shiga lambun tumatir, ko ya ba wani aro. Mai hali ya ware famfo guda don maganin ciyawa kaɗai, ya yi masa alama da jan fenti. Mara hali ya wanke tanki, tiyo da bakin famfo da sabulu, ya maimaita, kuma kada ruwan wankin ya gangara rafi.