Hattara da haɗin gajiya: yana cin ciki, yana kashe ƙoda

Jama'a, a guji ƙwayoyin nan da ake ƙulla wa mutum a leda da sunan haɗin gajiya. A tasha da bakin kasuwa ake sayar da su, a kan tire ko baro, rana tana dukansu tun safe. Ɗan dako, manomi, ɗan acaɓa, lebura mai kwaɓa siminti, tsohuwa mai ciwon gwiwa, kowa ya miƙa kuɗi a zubo masa ƙwaya huɗu ko biyar, fara da ja da rawaya, ya kora da shayi. Babu kwali, babu suna, babu mai tambayarsa ko yana da hawan jini.

Abin da aka fi zubawa a ciki magunguna ne na gaskiya da likitoci ke rubutawa kullum. A jikin kwali sunayensu Diclofenac, Ibuprofen da Piroxicam, sai a ƙara da Paracetamol, wani lokaci da Dexamethasone. Ukun farko dangi ɗaya ne, aikinsu ɗaya. Wanda ya haɗa biyu daga cikinsu ya ninka wa kansa illa, sauƙin kuwa bai ƙaru ba.

Idan jiki ya ji rauni, yakan samar da wani sinadari mai suna furostagilandin, shi ne ke jawo zogi da kumburi da zazzaɓi. Waɗannan magunguna suna hana jiki samar da shi, sai ciwo ya lafa. Wani masani ɗan Ingila, John Vane, shi ya gano haka a 1971, aka ba shi kyautar Nobel a 1982. To amma sinadarin yana da wasu ayyukan. Shi ke sa tumbi ya shimfiɗa majinar da ke kare bangonsa daga ruwan tsamin da ke narka abinci. Shi ke buɗe hanyoyin jini zuwa ƙoda idan ruwan jiki ya yi ƙasa. Ƙwayar da ta kwantar da ciwon baya ita ce ta janye wa tumbi da ƙoda wannan kariya.

Ku duba halin da muke aiki a ciki. A bazara zafi yakan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Mutum ya wuni yana gumi, ruwan da ya sha kaɗan ne, wataƙila ma yana azumi, da yamma ya haɗiyi haɗi cikinsa babu abinci. A daidai lokacin da ƙoda ta fi buƙatar jini aka tsuke mata hanya. Ita kuma ƙoda ba ta kuka da wuri, tana iya lalacewa da nisa mutum yana yawonsa. Sai ƙafa ta kumbura, fitsari ya ragu, a wayi gari iyali suna sayar da gona don biyan kuɗin wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako. Kada a raina ƙarfin ƙwayar nan. A Indiya, ungulayen da suka ci mushen shanun da aka yi wa allurar Diclofenac sun yi ta mutuwa da ciwon ƙoda har suka kusa ƙarewa, dole gwamnati ta hana ba dabbobi shi a 2006.

Dexamethasone kuwa nasa sha'anin daban ne. Yana sauke kumburi, yana buɗe cin abinci, shi ya sa wasu mata ke shansa don su yi ƙiba. Idan aka daɗe a kansa yana kumbura fuska, ya ɗaga suga da hawan jini, ya raunana ƙashi, ya karya garkuwar jiki. Haɗa shi da Diclofenac na ƙara haɗarin zubar jini a ciki. Wanda ya yi makonni yana sha kada ya yanke rana ɗaya, domin hakan ma haɗari ne. Likita ne zai rage masa sannu a hankali.

Paracetamol ya fi sauƙi ga tumbi, amma babba kada ya wuce giram 4 a wuni, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, a rarrabe. Wuce haka na ƙona hanta. A lura, yana cikin magungunan mura da yawa, mutum na iya shansa ta hanya biyu bai sani ba.

Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko zuciya, mai hawan jini ko ciwon suga, tsofaffi, da mai juna biyu musamman a watannin ƙarshe, kada su kusanci dangin Diclofenac sai da izinin likita. Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ya yi aman jini, ko fitsarinsa ya ragu, ya tafi asibiti a ranar.

Masu kemis, ku ji tsoron Allah, ku daina ɓare ƙwaya daga kwalinta kuna haɗawa. Hukumar NAFDAC ta sha faɗa cewa tallan magani a titi ya saɓa wa doka, amma jami'anta ba za su tsaya a kowace tasha ba. Shugabannin direbobi da na kasuwa, limamai da masu unguwanni, ku faɗa wa mutanenku. Kai kuma ɗan'uwa, duk ƙwayar da ba ka san sunanta ba kada ka haɗiye ta. Gajiya hutu take so da ruwa da abinci. Ciwon da ya ƙi tafiya bayan kwana uku, a kai shi asibiti a gano tushensa tun ƙoda tana da lafiya.