Yadda Manema Labarin Lafiya Ke Samun Takardun Gwamnati

Babu wani aikin lafiya da Gwamnati za ta yi wanda ba zai bar sawunsa a takarda ba. In an sayo magani, akwai takardar kuɗinsa. In annoba ta faɗo, akwai littafin da a ke rubuta waɗanda su ka kamu da waɗanda su ka rasu. In an nemi iznin gwada sabon magani a jikin mutane, akwai wasiƙar neman izni da amsarta. Waɗannan takardu su ne abin da manemin labarin lafiya ya ke nema, domin maganar baki iska ce, amma abin da a ka rubuta a ka sa masa hannu ba ya musuntuwa. To, ta wace hanya ya ke samunsu, kuma me ya ke faruwa in an ɓoye su? Abin da ya auku a Kano ya isa misali.

Abin da ya auku a Kano

A cikin 1996 annobar sanƙarau ta afka wa Arewacin Nijeriya, fiye da mutum 100,000 su ka kamu, fiye da 11,000 su ka riga mu gidan gaskiya. A tsakiyar wannan masifa kamfanin Pfizer na Amurka ya aiko da likitocinsa Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, su ka gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara wajen 200 a ka sa cikin gwajin, rabi a ka ba su sabon maganin, rabi kuwa wani magani da a ka riga a ka sani. Yara 11 su ka mutu, biyar daga kashin farko, shida daga na biyu. Da 'yan makonni su ka wuce baƙin su ka koma gida, magana ta kwanta har shekara huɗu.

A watan Disamba 2000 jaridar Washington Post ta buga labarin, bayan wakilanta sun daɗe suna tattara takardu suna kuma tambayar waɗanda su ka ga abin da idonsu. Cikin takardun akwai wata wasiƙa mai kwanan watan Maris 1996, wadda ta nuna wai kwamitin kula da ladubban bincike na wani asibitin Kano ya yarda da gwajin. Da a ka bi diddigi sai a ka tarar a wannan lokaci ba a ma kafa kwamitin ba tukuna, watau daga baya a ka rubuta wasiƙar a ka mayar da kwanan watan baya. Dubi yadda kwanan wata guda a kan takarda ya tona abin da shekara huɗu ta rufe.

Gwamnatin Tarayya ta naɗa kwamitin masana a ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi, su ka gama aikinsu a cikin 2001. Amma rahoton bai fito ba. Shekara biyar yana kulle, sai a watan Mayu 2006 wani ya miƙa wa Washington Post kofe ɗaya a asirce. Sa'an nan ne duniya ta ji cewa kwamitin ya sami kamfanin da laifin gwada maganin da ba a yi wa rajista ba, da saɓa dokar Nijeriya da ƙa'idodin duniya. Shi kuwa kamfanin ya tsaya a kan cewa da sanin hukuma ya yi aikinsa, iyaye sun yarda da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran, ba maganin ba. A 2007 Gwamnatin Kano da ta Tarayya su ka kai ƙara, a 2009 a ka sasanta da Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Ɓoyon nan bai tafi a banza ba. Inda babu bayani, jita-jita ce ke sarauta. Sa'ad da a ka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, abin da ya faru a 1996 yana cikin dalilan da mutane su ka riƙa kawowa. Sai a watan Yuli 2004 a ka koma yi, bayan cutar ta riga ta sami ƙofa, ta ƙetara ƙasashe da dama, daga baya ma har ta kai Yaman da Indunusiya. Da rahoton nan ya fito a kan kari, a ka ga an hukunta mai laifi an wanke marar laifi, da hukuma ta sami bakin magana ranar da ta bukaci jama'a su amince da ita.

Dokar 2011

A wancan zamani ma'aikacin da ya fitar da takarda irin wannan kansa ya sayar, gama Dokar Asirin Gwamnati ta 1962 tana nan tana jiransa. Saboda haka tun 1993 Ƙungiyar 'Yan Jaridu ta Nijeriya da waɗansu ƙungiyoyin kare hakki su ka tsara wata doka wadda za ta buɗe ƙofar. An kai ta Majalisa a 1999, Majalisa ta zartar a 2007, amma Shugaba Olusegun Obasanjo bai sa hannu ba. Sai ran 28 ga Mayu 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar 'Yancin Samun Bayani. Nijeriya ba ita ta fara ba: Suwidin ta yi tata tun 1766, Amurka kuwa a 1966.

Ga yadda a ke aiki da ita. Manemin labari zai rubuta wasiƙa zuwa ga ma'aikatar da ke riƙe da takardar, ya faɗi abin da ya ke so filla-filla. Wanda ya rubuta "a ba ni bayani a kan kwalara" ya ba akawu hanyar zillewa. Gwani sai ya ce a ba shi kofen takardar kwangilar sayen ruwan ƙarin jiki na wata kaza a shekara kaza, da sunan wanda a ka ba, da adadin da a ka biya. Ba sai ya faɗi dalilinsa ba, doka ba ta nemi haka gare shi ba. Ya kuma tabbata an buga wa kofensa hatimi da kwanan watan karɓa, domin daga ran nan a ke fara ƙirga.

Ma'aikata tana da kwana bakwai ta ba da amsa. In takardun suna da yawa, ko kuwa sai an yi shawara, tana iya ƙara waɗansu bakwai. In za ta hana, tilas ta rubuta dalili, ta nuna sashen dokar da ta dogara a kai. In ta yi shiru har wa'adi ya cika, doka ta ɗauki shirun a matsayin hani, mai nema kuwa yana da kwana 30 ya kai ƙara kotu, inda ma'aikatar ce za ta kawo hujjar hanawa, ba shi ba. Wanda a ka kama ya hana ba bisa ƙa'ida ba, tararsa Naira 500,000. Wanda ya lalata takarda ko ya sauya abin da ke cikinta da gangan, ɗaurinsa ba zai gaza shekara guda ba. Kuɗin da za a karɓa kuwa na buga kofe ne kaɗai. Wannan hakki na kowa ne, ba na 'yan jarida kaɗai ba, har wanda bai iya rubutu ba yana iya faɗa da baki a rubuta masa.

Ba kowace takarda ce a ke bayarwa ba, kuma daidai ne. Katin majiyyaci asirinsa ne, haka kuma abin da ya wakana tsakaninsa da likitansa. Manemin labari yana da hakkin sanin mata nawa su ka mutu wajen haihuwa a asibiti kaza, amma ba shi da hakkin sanin sunayensu.

An daɗe ana gardama ko dokar ta hau kan jihohi, alhali kuwa yawancin asibitoci a hannun jihohi da ƙananan hukumomi su ke. Sha'anin lafiya ne ma ya raba gardamar. A 2014 waɗansu 'yan ƙungiya su ka nemi takardun hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta Jihar Edo, a ka hana su. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce dokar ba ta shafi jiha ba, amma a watan Afrilu 2025 Kotun Ƙoli ta rushe wannan hukunci, ta ce ta shafi kowane hawa na Gwamnati. Shekara goma sha ɗaya ke nan a kan wasiƙar da doka ta ce a amsa cikin mako guda.

Saboda irin wannan jinkiri, ƙwararre ba ya dogara ga wasiƙa kaɗai. Yakan fara da abin da ke fili: kasafin kuɗi, da rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi, da ƙididdigar annoba da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Nijeriya ke fitarwa, da takardun da a ka gabatar a kotu. Sa'an nan ya gwada wannan da wancan. In kasafi ya ce an gina ɗakin shan magani a ƙauye kaza, sai ya tafi ya duba, gama gani ya kori ji.

Ku kuwa akawuna da malaman makaranta, maganar nan taku ce. Tun zamanin En'e akawu shi ne mai tsaron fayil, abin da ya rubuta shi jikoki za su tarar. Doka ta kāre ma'aikacin da ya ba da bayani da kyakkyawar niyya, ta kuma ce hatimin "asiri" kaɗai bai isa dalilin hanawa ba. Saboda haka ku rubuta lissafi daidai, ku sa kwanan wata na gaskiya, ku ajiye fayil inda gara ba za ta ci ba, in an nema bisa ƙa'ida ku bayar. Malamai kuma su koya wa almajiransu rubuta irin wannan wasiƙa, domin takardar asibiti da kuɗin talakawa a ka rubuta ta, a kan rayukan 'ya'yansu. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.