Wa ke ƙirga itatuwan Bauchi bayan an watse daga bikin dashe?

Kowace damina, tsakanin Yuli da Agusta, akan yi bikin dashen itatuwa a Bauchi. Manyan baƙi su durƙusa su binne tsiro, a ɗauki hoto, da yamma a ji adadi a rediyo: dubu kaza aka raba, miliyan kaza za a dasa. Adadin da ba a cika ji ba shi ne na watan Afrilu, lokacin da bazara ta tsananta, awaki sun yi kiwonsu, gara ta ci rabonta, gobarar daji ta wuce. Nawa suka rage a tsaye? Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, haka ma ba a sanin dashen da ya kama sai ya ƙetare rani.

Amsa wannan tambaya shi ne aikin da masana gandun daji ke kira bibiya da tantancewa, kuma ba wani abu ne mai wuya ba. Akan keɓe ƙananan filaye a cikin daji, a kafa musu alama ta yadda ko bayan shekara goma za a gane su. A kowane fili a rubuta sunan kowace bishiya, marke ce ko kirya ko maje, a auna kaurinta daidai ƙirjin mutum, wato mita 1.3 daga ƙasa. A ƙirga kututturan da aka sare, a ƙirga 'yan tsiron da ke tasowa. Sai a dawo baɗi ko bayan 'yan shekaru a maimaita. Ƙirgar 'yan tsiron nan ta fi komai muhimmanci a ganina. Mai wucewa a mota zai ga manyan kaɗanya da ɗorawa a gonaki ya ce lafiya lau, alhali in babu ƙananan da za su gaje su, rana ɗaya za a wayi gari fili fetal.

Ba sai an fita jihar ba kafin a ga amfanin irin wannan aiki. Gandun Yankari, da ke Ƙaramar Hukumar Alkaleri, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 2,244, an keɓe shi a 1956, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan ya dawo hannun jiha a 2006. A wannan shekarar ne aka ƙirga giwayensa daga jirgin sama aka samu 348. Cikin 'yan shekaru masu farautar haure suka yi musu ɓarna har ƙiyasi ya sauko tsakanin 100 da 150. Da ba a yi ƙirgar farko ba, da sai dai a yi ta musu a kan ko sun ragu ko ba su ragu ba.

A 2014 gwamnatin jiha ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS. Masu gadin dajin suka riƙa fita sintiri da 'yar na'ura a hannu, suna shigar da duk abin da suka tarar: sansanin mafarauta, garken shanu, itacen da aka sare, sawun giwa. Manhajar SMART ke tattara bayanan ta zana taswira, ta nuna inda aka taka da inda aka yi watanni ba a leƙa ba, da kuma inda ɓarna ta fi yawa. Da haka ake tsara sintirin mako mai zuwa. An kuma rataya wa wasu giwaye na'urar da tauraron ɗan'adam ke bi, don a san lokacin da suka doshi gonakin mutane. Ƙungiyar ta ba da rahoton cewa daga Mayun 2015 an yi shekaru ba a tsinci gawar giwar da mafarauta suka kashe ba.

Abin da ke damuna shi ne giwa ta samu mai rubuta labarinta, itace bai samu ba. Dajin Lame-Burra, da ya ratsa Toro da Ningi da Ganjuwa, da sauran gandayen da ke hannun jiha da ƙananan hukumomi, su ne ke ciyar da murhun birnin Bauchi. Duk lokacin da gas da kananzir suka yi tsada, buhunan gawayi na ƙaruwa a bakin titi, kuma kirya da marke ake nema saboda garwashinsu na daɗewa. Gwamnati ta hana wannan sana'a, ana kuma kama motoci lokaci zuwa lokaci. Sai dai yawan motocin da aka kama ƙwazon jami'ai yake nunawa, ba ya faɗa mana hekta nawa ta rage. Mun ga yadda ta kasance da madobiya, wadda 'yan katako ke kira madirid: an yi ta lodinta daga arewa maso gabas zuwa China, sai a 2018 aka dakatar da Najeriya daga fitar da ita, domin ta kasa kawo hujjar cewa abin da ake sarewa bai fi ƙarfin abin da ke tsirowa ba.

Wani zai ce ai yanzu tauraron ɗan'adam ya hutar da kowa. Gaskiya ne hotunan Landsat da Sentinel-2 kyauta ne, kuma ɗalibi a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa zai iya sauke su ya kwatanta dajin bana da na shekara 20 baya. Amma yawancin taswirorin duniya an gina su ne don kurmi mai duhu, sukan tsallake itatuwanmu da ke warwatse. Maradi shaida ce. Tun wajen 1983 manoma can suka fara barin tohon kututture a gonakinsu suna gyara shi. An kai shekara 20 kafin masu bincike, irin su Chris Reij da Gray Tappan, su haɗa tsofaffin hotunan sama da tattaki a ƙafa su gano cewa kusan hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, ba tare da an dasa su ba. Rashin bibiya yakan ɓoye nasara kamar yadda yake ɓoye asara.

Yanzu kuɗi na shigowa. Bauchi na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce hekta miliyan 4 kacal aka farfaɗo a ainihin yankinsa, daga cikin miliyan 100 da ake buri kafin 2030. Tana kuma cikin ACReSAL, shirin dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disamban 2021 don gyara hekta miliyan ɗaya a jihohin arewa 19 da Abuja. Bashi ne, 'ya'yanmu za su biya, saboda haka muna da haƙƙin ganin lissafi.

Lissafin kuwa mai sauƙi ne. Kada ɗan kwangila ya karɓi cikon kuɗinsa sai dashensa ya ga rani biyu. Wanda ya dasa kada ya zama shi ne mai ƙirga. A tura ɗaliban aikin gona da gandun daji tare da malamin daji, mai unguwa ya tsaya shaida. A sa matan da ke tsintar kaɗe da ɗorawa a ciki, don sun fi kowa sanin bishiyar da ta daina 'ya'ya. Sakamakon kowace ƙaramar hukuma a liƙa shi a sakatariya, a karanta shi a rediyo da Hausa a watan Mayu, kafin majalisar jiha ta amince da kuɗin dashen damina mai zuwa.