Mutanen da suka shekara 6 suna gadin ginin da ba nasu ba

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau ba siyasa za mu yi ba, ko da yake kun san hali, da wuya in gama magana ban taɓo ta ba. A kan lilo za mu yi hira. Eh, lilo. Amma ba irin wanda muke kai ƙannenmu ran Sallah ba, a biya kuɗin tikiti a zagaya da su sau uku a sauke. Ina nufin wanda Turawa ke ce wa rola kosta: ɗan jirgin ƙasa ne buɗaɗɗe, a ɗaure ka a kujera, ya bi dogon ƙarfe da ke hawa sama, ya gangaro, ya murɗe, wani lokaci har ya kifa kanka ƙasa. Ni ban taɓa hawa ba. Wani dare da aka ɗauke wuta ina ta latse-latsen YouTube na faɗa kan wani mutum da ya kwashe kusan rabin awa yana bayani a kan hoton siminti. Siminti kawai fa, an zuba a hamada. Na ce wannan lafiyarsa ƙalau kuwa? Kafin cajina ya ƙare na kalli bidiyo huɗu.

Simintin nan a Saudiyya yake, a wani wuri da ake kira Ƙiddiya, tafiyar kilomita 40 da ɗoriya daga Riyad, a gindin duwatsun Tuwaiƙ. A 2017 Yarima Muhammad bin Salman ya sanar da cewa za a gina birnin wasanni da shaƙatawa a wurin, a 2018 Sarki Salman ya aza harsashi. Yana cikin shirinsu na 2030, na rage dogaro da man fetur da kuma tsayar da kuɗin da 'yan ƙasar ke fita da su Dubai da Turai don yawon hutu. A 2019 aka nuna zanen filin wasan Six Flags da za a yi a ciki, da wani lilo mai suna Falcons Flight da aka ce zai fi kowane a duniya gudu da tsayi da tsawo. Masu bibiyar harkar da yawa dariya suka yi a lokacin, suka ce zanen kwamfuta ne kawai. Da farko an ce za a buɗe a 2023. Sai ranar 31 ga Disamba, 2025 aka buɗe.

To tsakanin zanen nan da buɗewar, shekara 6 ke nan, akwai mutane a Amurka da Ingila da Jamus da sauran ƙasashe, ba su da ko sisi a aikin, ba a biyan su, wasu ma ba za su taɓa taka Saudiyya ba, amma sun san abin da ake ciki kamar su ne 'yan kwangilar. Yadda suke yi ne ya ja hankalina.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, don sai da shi za a gane me suke dubawa. Jirgin nan ba shi da inji. A tsohon salo, sarƙa ce ke jan sa zuwa ƙololuwar tudu na farko a sake shi, daga nan nauyinsa ne ke tafiyar da shi har ƙarshe, shi ya sa kowane tudu na gaba sai ya gaza na farko tsayi. A sabon salo maganaɗisu ake amfani da shi: akwai shi a ƙarƙashin jirgin, a jikin dogon kuma an jera wasu faifai da ake sakar wa wutar lantarki bi da bi, su fizge shi gaba ba tare da komai ya taɓa komai ba. Burkin ma da maganaɗisu ne. Tayoyin kuwa kashi uku ne, wasu a saman dogon, wasu a gefe, wasu a ƙasa sun riƙe shi, don haka ko an kifa jirgin ba inda zai je.

Falcons Flight irin na biyun ne. Kamfanin Intamin ne ya ƙera shi. Ana harba jirgin ya haye kan dutsen, ya gangaro daga bakin gaɓar ya shige wani rami, a ƙara masa ƙaimi har ya kai kilomita 250 a awa. Ku kwatanta: da wannan gudun, Kano zuwa Kaduna ba za ta cika awa ɗaya ba. Dogon ya haura kilomita 4, alhali wanda ya daɗe riƙe da kambin tsawo, Steel Dragon 2000 na Japan, mita 2,479 ne. Kuma a irin wannan gudu iska kanta matsala ce. Formula Rossa na Abu Dhabi, mai kilomita 240 a awa, tun da aka buɗe shi a 2010 sai an ba masu hawa tabarau, don ƙwayar yashi ko ƙwaro na iya yi wa ido illa. Shi wannan gilashin tare iska aka sa wa jirgin. An baje kolin jirgin da gilashin nan a wani taron kamfanonin wasanni a Orlando a 2023.

Yanzu mu dawo kan simintin. Kowane ginshiƙin da ke riƙe da dogo yana zaune ne a kan dandamalin kankare da ƙusoshi suka leƙo daga cikinsa. Su ake fara zubawa, watanni kafin a ga ƙarfe ko ɗaya. Mai ido idan ya ga jerinsu a hoton tauraron ɗan'adam, ya ga hanyar jirgin ke nan. Inda suka yi girma suka taru, nan nauyi zai sauka, wato gindin gangara ko kwana mai ƙarfi. Inda kwana ta yi faɗi sosai, jirgin zai zo da gudu ne, saboda in ka matse kwana a babban gudu jini zai sauka daga kan mutum zuwa ƙafafu, ganinsa ya dushe, har ya suma. Sai su ɗauki wannan su zuba a wata manhajar kwamfuta mai suna NoLimits, su gina lilon a ciki, su gwada ko lissafin kamfanin zai yiwu. Wani ya saka nasa, wani ya zo ya ce ka yi kuskure a kwana ta uku, ga hoton da ya nuna.

Har ƙirar dogon suna karantawa. Na kamfanin Bolliger & Mabillard ƙashin bayansa kamar akwati yake, mai kusurwa huɗu, kuma akwai wata masana'anta a jihar Ohio ta Amurka da ke ƙera masa. Mutane kan tuƙa mota su je su tsaya a bakin shingen su ɗauki hoton ƙarafan da aka jibge a fili, daga launin fenti su fara hasashen wane filin wasa za a kai. A Amurka kuma takardun izinin gini a buɗe suke ga jama'a, sai su je su binciko. Akwai ƙungiyarsu, American Coaster Enthusiasts, tun 1978. Akwai shafin RCDB da ke ajiye alƙaluman dubban irin waɗannan lilo na duniya tun 1996. A Ƙiddiya ba a samu wannan sauƙin ba, wuri ne mai nisa kuma a killace, don haka hotunan sama da 'yan gajerun bidiyoyin da ke fitowa daga wurin aka dogara da su. Da aka zo gwaji kuwa, ka ga mutane suna ƙirga daƙiƙa a bidiyo. A al'ada ba mutum ake fara ɗorawa ba, mutum-mutumin roba ne da aka cika da ruwa ya yi nauyin mutum, a yi ta zagayawa da su.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba sa haɗiye maganar talla yadda ta zo. An ce tsayin Falcons Flight mita 195 ne. Suka ce tsaya tukuna, daga ina zuwa ina? Ashe wannan tazarar ce tsakanin wuri mafi ƙasa da wuri mafi sama, har da dutsen da Allah Ya ajiye a wurin. Tudun da aka gina da ƙarfe daga ƙasa mita 163 ne, kusan bene mai hawa 50. Ko a hakan ya wuce Kingda Ka na jihar New Jersey, mai mita 139, wanda ya riƙe kambin tun 2005. Wato kamfanin bai yi ƙarya ba, ya dai zaɓi lambar da ta fi daɗin faɗa, su kuma suka ware wa kowace lamba ma'anarta.

Shi ma Kingda Ka ɗin labari ne. A Nuwamban 2024 aka rufe shi ba tare da sanarwa ba. Masu bibiya sun riga sun ji ƙishin-ƙishin, suka yi ta tururuwa don hawan ƙarshe alhali kamfani bai ce uffan ba. Sai bayan kwanaki aka tabbatar. A Fabrairun 2025 aka sa masa nakiya, ya zube, mutane na tsaye daga nesa suna ɗauka a waya.

Ina da ƙorafi ɗaya a kansu dai. Sun san kaurin kowane ginshiƙi, amma da wuya ka ji an tambayi wa ya ɗaura shi. Yawancin masu aikin gini a Saudiyya baƙi ne 'yan ci-rani, kuma zafin wurin ya kai a ce doka ta hana aiki a rana daga 12 zuwa 3 na yamma, daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba. Duk wanda ya yi Hajji a bazara ya san ranar da nake nufi. Mutum ne ya hau mita 163 ɗin nan da sifana a hannu. A ganina wanda ya iya ƙirga ƙusa daga sararin sama bai kamata wannan ya wuce shi ba.

Na ce da wuya in gama ban taɓo gida ba. A unguwarmu akwai wani fili da aka kafa wa allo, an rubuta za a gina ƙaramin asibiti, da sunan ɗan kwangila da komai. Kullum ina wucewa ta wurin, amma da za a tambaye ni yaushe aka zuba harsashin ko ɗaki nawa aka tsara, ban sani ba. Kuma wai ni ne ɗan gwagwarmaya. Daga wajen masu lilon nan na koyi cewa a Google Earth akwai wani ɗan maɓalli da ke mayar da kai tsofaffin hotunan wuri, shekara bayan shekara. Jiya na buɗe na nemo filin namu. A hoton shekara 4 baya, harsashi ne da tulin bulo a gefe. A na baya-bayan nan harsashin na nan, bulon ne babu.

Na ajiye hotunan biyu. Wanda ke da irin wannan allo a unguwarsu ya gwada, ya turo mana abin da ya gani ta inbos, za mu karanta a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Sai an jima.