Ranar 15 Ga Watan Maris: Rana Ɗaya Mai Tarihi Uku

A ƙauye, idan aka tambayi dattijo shekarunsa, ba kasafai yake faɗin lamba ba. Sai ya ce an haife shi shekarar yunwa, ko shekarar da aka naɗa sarki wane, ko shekarar da jirgin ƙasa ya iso garinsu. Da manyan abubuwa mutanen da suke riƙe lokaci.

Ƙasashe ma haka suke yi. Kowace ƙasa tana da ranakun da take tunawa duk shekara idan sun zagayo. A Nijeriya kowa ya san ranar 1 ga Oktoba, domin a ranar ce ƙasar ta sami 'yancin kai a shekarar 1960.

To, akwai wata rana a cikin watan Maris wadda ta kamata kowane mutumin Arewa ya sani. Ita ce 15 ga wata. Abubuwa uku sun faru a wannan rana. A ranar ce Turawa suka ci Sakkwato. A ranar ce aka haifi Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Kuma a ranar ce Jihar Arewa ta sami mulkin kai. Ga yadda abin ya kasance.

Yadda Turawa suka matso

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a shekarar 1804. Daga nan aka soma jihadi. Ɗansa Muhammadu Bello ya gina birnin Sakkwato a 1809. Daular da suka kafa ta haɗa manyan garuruwa irin su Kano, Katsina, Zazzau, Bauchi, Gwambe, Bida, Ilori da Yola. Ta yi kusan shekara 100 tana mulkin kanta.

Ranar 1 ga Janairu 1900, wani Baturen Ingila, Gwamna Lugga, ya kafa tuta a Lakwaja. Ya yi shela cewa ƙasar Arewa ta shiga hannun Ingila. Amma a lokacin maganar baki ce kawai. Sarakuna suna nan a kan gadonsu.

Sai Turawa suka shiga bin garuruwa ɗaya bayan ɗaya. A 1901 suka ci Kwantagora da Bida da Yola. A 1902 suka shiga Bauchi da Zariya. Ta arewa kuma, Faransawa sun riga sun kama Damagaram tun 1899. Ta wajen Adamawa ga Jamusawa. Wato an sa daular a tsakiya.

A watan Oktoba na 1902, Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe wani hafsan Turawa, ya gudu zuwa Kano. Sarkin Kano Alu ya karɓe shi. Turawa suka kafa hujja da wannan, suka taso daga Zariya. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 suka shiga Kano. A lokacin Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato mubaya'a. A kan hanyar dawowa, rundunar Kano ta gamu da Turawa a Kwatarkwashi. A nan Wazirin Kano Ahmadu ya rasa ransa. Bayan wannan, Turawa suka doshi Sakkwato.

Shawara a Sakkwato

A lokacin, Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu bai fi wata biyar a kan gado ba. Labarin faɗuwar Kano ya iso. Aka tara manya da malamai domin shawara.

Ra'ayi ya rabu uku. Wasu suka ce a yi sulhu, domin an ga abin da ya sami sauran garuruwa. Wasu suka ce a yi hijira, a bar musu ƙasar. Wasu kuma suka ce a tsaya a yi yaƙi. Ana cikin wannan shawara Turawa suka ƙaraso. Aka ɗaura ɗamarar yaƙi.

Yaƙin Giginya

Ranar Lahadi ce, 15 ga Maris 1903. A lissafin Musulunci watan Zulhajji ne na shekarar 1320, kwana kaɗan bayan Babbar Salla. Mayaƙan Sakkwato suka fito bayan ganuwa, suka ja daga a filin da ake kira Giginya. Sarkin Musulmi da kansa yana tsakiya. Cikin manyan jagororin yaƙi akwai Marafa Maiturare, da Sarkin Raba Ibrahim.

Mutanen Sakkwato dubbai ne, wasu a kan dawaki, wasu a ƙasa. Sojojin Turawa kuwa ba su kai 1,000 ba. Turawan da ke ciki 'yan kaɗan ne, su ne hafsoshi. Sauran duk baƙar fata ne da aka ɗauka aikin soja.

Mai karatu zai yi tambaya, ta yaya 'yan kaɗan suka rinjayi masu yawa? Amsar tana wajen makamai. Mutanen Sakkwato suna riƙe da takobi, da mashi, da kwari da baka, sai 'yan bindigogi kaɗan. Turawa kuwa sun zo da igwa da bindiga mai ruwa. Ita bindiga mai ruwa tana zubo harsashi ɗaruruwa cikin minti ɗaya. Doki ba ya iya kai wa gare ta. Kafin mahayi ya matso inda zai yi sara, harsashi ya riga ya same shi.

Ba a daɗe ana yi ba runduna ta watse. Tun kafin rana ta take, yaƙi ya ƙare. Amma wasu jarumai suka ƙi gudu. Suka kewaye tutar Sarkin Musulmi, suka tsaya har aka kashe su a gindinta. Turawan da kansu sun rubuta labarin ƙarfin zuciyar waɗannan mutane. Har yau sunan Giginya yana nan a Sakkwato. An sa wa barikin soja da filin wasa na garin wannan suna.

Masu tafiya da masu zama

Bayan yaƙi, shugabanni suka kasu gida biyu.

Sarkin Musulmi Attahiru ya ƙi zama a ƙarƙashin Turawa. Ya kama hanyar gabas da niyyar isa Makka. Duk garin da ya bi, sai mutane su bar gida da gona su bi shi. Manoma, da malamai, da 'ya'yan sarauta, da mata da yara, dubbai suka shiga wannan tafiya. Abin ya tayar wa Turawa da hankali ƙwarai, suka bi sawunsa.

Aka haɗu a Burmi, kusa da kogin Gongola, a cikin Jihar Gwambe ta yanzu. A karon farko, cikin watan Mayu, mutanen Burmi suka kori Turawa. Turawa suka sake shiri suka dawo. Ranar 27 ga Yuli 1903 aka yi karo na biyu, tun da hantsi har yamma. A nan aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru tare da mutane fiye da 600. Magajin Keffi yana cikinsu. Babban hafsan da ya jagoranci Turawa shi ma a nan ya mutu.

Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja sauran jama'a suka ci gaba da tafiya. Suka kai ƙasar Sudan, suka zauna a bakin kogin Nilu. Garin da suka kafa ana kiransa Mai Wurno. Jikokinsu suna can har yanzu.

Shi kuwa Waziri Buhari, wata hanya ya bi. Ya ga talakawa da yawa ba za su iya hijira ba. Akwai tsofaffi, da marasa lafiya, da masu goyo. Idan manya duk suka tafi, wa zai tsaya musu? Ya nemi fatawar malamai. Suka ce ana iya zama da Turawa matuƙar ba su hana salla da azumi da sauran shika-shikan addini ba. Sai Waziri ya komo Sakkwato.

Gwamna Lugga ya iso garin bayan yaƙi da kwana huɗu. Ranar 21 ga Maris aka naɗa sabon Sarkin Musulmi, Attahiru na Biyu, ɗan Aliyu Babba. Lugga ya bayyana sharuɗɗansa. Daga ranar, Gwamna ne mai naɗa sarki, shi ne mai tuɓe shi. Haraji ya koma ƙarƙashin ikon gwamnati. An hana harin bayi. Ya kuma yi alkawarin ba za a taɓa addini ba, alƙalai za su ci gaba da shari'a. Haka mulkin Turawa ya kafu a Arewa.

Jaririn Dange

A ranar da ake ɓarin wuta a Giginya, an yi haihuwa a garin Dange, kudu da Sakkwato. Aka raɗa wa yaron suna Abubakar. Jinin Shehu ne ta wajen Muhammadu Bello.

Yaron ya girma, ya yi karatu, ya riƙe sarautar Sardauna. A watan Yuni na 1938 aka naɗa shi Sarkin Musulmi. Shi ne Abubakar na Uku. Da ya hau gado, sai ya ba ɗan'uwansa Ahmadu na Raba sarautar Sardauna. Wannan Ahmadu ɗan Sarkin Raba Ibrahim ne, wanda ya yi yaƙi a Giginya. Shi ne duniya ta sani da Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato.

Sarkin Musulmi Abubakar ya yi shekara 50 yana sarauta. Ya ga zamanin Turawa, ya ga tafiyarsu, ya ga mulkin farar hula da na soja. Ya rasu ranar 1 ga Nuwamba 1988.

Mulkin kai

A 1914 Turawa suka haɗa Kudu da Arewa, aka sami Nijeriya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, 'yan ƙasa suka matsa da neman a ba su mulkinsu.

A watan Maris na 1953, wani ɗan majalisa daga Kudu, Anthony Enahoro, ya kawo batu a majalisar Ikko. Ya nemi a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardauna da wakilan Arewa suka ce ba su ƙi mulkin kai ba, amma kada a yanke shekara, a bari sai an shirya. Dalilinsu shi ne, a lokacin masu ilmin boko a Arewa kaɗan ne ƙwarai. Likitoci, da injiniyoyi, da manyan akawuna, kusan duk Turawa ne ko mutanen Kudu. Idan Bature ya tafi a lokacin, ɗan Arewa ba zai sami kujera a ofis ba.

Wannan magana ta jawo musu baƙin jini. An yi musu ihu a Ikko. A watan Mayu na shekarar aka yi tarzoma a Kano, aka yi asarar rayuka. Amma ba su sauya ra'ayi ba. Suka dawo gida suka kama aiki. Aka ƙara makarantu. Aka tura samari karatu ƙasashen waje. Aka baza azuzuwan Yaƙi da Jahilci a ƙauyuka domin manya. A 1954 Sardauna ya zama Firimiyan Jihar Arewa.

Jihar Yamma da Jihar Gabas suka karɓi mulkin kansu a 1957. Arewa ta jira. Da lokaci ya yi, shugabanninta suka zaɓi ranar 15 ga Maris 1959. Da gangan aka zaɓi wannan rana. Ana so ranar da mulki ya suɓuce ta zama ita ce ranar da ya dawo. Tsakanin ranakun biyu shekara 56 ne cif. Wani abin mamaki, ita ma ta 1959 Lahadi ta faɗo.

A Kaduna, Gwamna Sa Gawain Bell ya sauka daga shugabancin majalisar zartarwa, Firimiya ya karɓa. Ma'anar wannan ita ce, sha'anin ilmi, da asibiti, da noma, da En'e, duk ya koma hannun 'yan ƙasa. Sha'anin soja da hulɗa da ƙasashen waje ne ya rage, sai a 1960 Nijeriya ta karɓe su.

Da yake ranar ta faɗo cikin azumi, sai aka ɗaga biki zuwa watan Mayu. Aka yi gagarumin hawan daba a Kaduna. Sarakuna suka zo daga kowane lardi da dubban mahaya. Sarauniyar Ingila ta turo baffanta, ƙanen mahaifinta, ya wakilce ta.

Amfanin tunawa

Jihar Arewa ta wancan lokaci babu ita yanzu. A 1967 aka raba ta jihohi 6, yau kuma sun kai 19. Amma darasin ranar yana nan.

Na farko, garuruwan daular sun faɗi ne ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi yaƙinsa shi kaɗai. Na biyu, jaruntaka ba ta yi ƙaranci a Giginya ba, kayan aiki na zamani ne babu. Na uku, mulkin da aka rasa a fagen fama, da ilmi da shawara aka dawo da shi, ba a harba ko kibiya ɗaya ba.

Kowane gari yana da nasa labarin zuwan Turawa. Akwai tsofaffin da suka ji shi daga bakin kakanninsu. Akwai kuma waɗanda suka ga bikin 1959 da idonsu. Ya kamata mai karatu ya zauna da su, ya tambaye su, ya rubuta abin da ya ji a littafi, ya sa sunan gari da shekara. Abin da aka bari a ka, yana tafiya da mai shi.

Ranakun da za a riƙe

3 ga Fabrairu 1903: Turawa suka shiga Kano.

15 ga Maris 1903: Yaƙin Giginya, da haihuwar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku.

27 ga Yuli 1903: Yaƙin Burmi, rasuwar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya.

15 ga Maris 1959: Jihar Arewa ta sami mulkin kai.

1 ga Oktoba 1960: Nijeriya ta sami 'yancin kai.

Allah ya jiƙan magabata, ya ba ƙasa zaman lafiya da damina mai albarka, amin.