Ciwon Hankali Ba Iri Ɗaya Ba Ne

A unguwarmu ta Gidan Dare, cikin Sakkwato, wata mata ta haihu lafiya. Bayan suna sai ta daina barci, ta ƙi abinci, kullum tana kuka. Waɗansu suka ce iska ce, waɗansu suka ce sammu. Sai da aka yi wata uku kafin aka kai ta asibiti. Likita ya ce ciwon baƙin ciki ne, irin wanda ke kama waɗansu masu jego, yana kuwa da magani.

Ya 'yan'uwa, mu kan tara kome mu kira shi hauka. Likitoci ba haka suke yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da littafin da ya jera cututtuka, sunansa ICD. Bugu na 11 ya fara aiki a 2022. A ciki kowane ciwon hankali yana da sunansa da alamunsa.

Ga misali. In baƙin ciki ya danne mutum kusan kullum har mako 2, ba ya jin daɗin kome, barci da ci sun lalace, wannan ciwo ɗaya ne. In yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko ya kafe cewa ana binsa da sharri, har wata 1, wannan wani ne dabam. Wanda ya rikice cikin kwana ɗaya ko biyu tare da zazzaɓi kuwa, mai yiwuwa sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro. A gaggauta kai shi asibiti. Farfaɗiya ma ba hauka ba ce.

Yaya likita ke ganewa? Awon jini ba ya nuna baƙin ciki, ana yinsa ne don a ga ko wata cutar jiki ce ta jawo. Yawancin aikin tambaya ce. Yaushe abin ya fara? Yana barci? Yana shan ƙwaya? An taɓa yin irinsa a dangi? Don haka wanda ke zaune da mara lafiya shi ya kamata ya raka shi, ya faɗi gaskiya, kada kunya ta sa ya ɓoye kome.

Muna da asibitin Gwamnatin Tarayya na masu ciwon hankali a Kware, ba nisa da Sakkwato. A Janairun 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar hankali, wadda ta maye gurbin ta 1958, domin kare mutuncin marasa lafiya.

Mu yi addu'a, amma mu kai su wurin likita da wuri. Kada a ɗaure su, kada a duke su. In wani ya fara zancen kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti ran nan. Matar nan tamu yau tana goyon ɗanta, ta koma sana'arta.